Nomau da Warin Gidan Inna Tabawa

Akwai gidajen da idan mutum ya shiga sau ɗaya, har ya bar duniya ba zai manta da su ba. Gidan Inna Tabawa na Marken Tudu yana cikinsu, sai dai shi ba zuciya ce take riƙe shi ba, hanci ne.

Daddawa take yi. Tun tana amarya take yinta a gidan, har mijinta ya rasu ya bar ta tana yi. Wanda bai san sana'ar ba, ga ta a taƙaice: a dafa kalwa, a surfe, a wanke, a sake dafawa, sannan a zuba a kwando a lulluɓe da buhu, a ajiye a wuri mai ɗumi har ta ruɓe. Masu sana'ar ba sa cewa ta ruɓe, cewa suke ta nuna. Mu da muke katanga ɗaya da su mun san ranar da take nuna ba tare da an aiko mana ba.

'Ya'yanta biyu ne, duka maza. Babban, Alhaji Munzali, yana birni yana sayar da kayan gini. Matarsa Hajiya Yagana 'yar Maiduguri ce, tana haɗa turaren wuta da humra tana sayar wa matan manya. Ƙaramin shi ne Nomau, wanda yake zaune da uwar. Ya haura talatin, ƙaƙƙarfa ne, ba ya wasa da salla. Mutane suna cewa wawa ne. Ni ban tabbatar ba. Abin da na sani shi ne, duk abin da ka gaya masa zai yi, ba ragi ba ƙari, kuma ba kowa ne yake iya jure a yi masa daidai abin da ya faɗa ba.

Rigimar ta taso ne da birni ya matso, aka shimfiɗa kwalta ta gaban gidan. Alhaji ya duba ya ga gidan na gado ne, wurin ya yi daraja, tsohuwa kuma ta isa hutu. Ya tara dattawan unguwa a zaure, har da Liman, ya ce za a sayar, Inna ta koma gidansa ita da duk abin da ta mallaka, ɗaki ma ya riga ya ware mata. Dattawa suka sa masa albarka. Inna kuwa irin matan da ce, Alhaji kuma ɗan farinta ne: ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Saboda haka ta tsaya bayan labulen zaure, kusa da shi har yana jin numfashinta, ta ce:

"Nomau, gaya wa wancan, gidan nan aka kawo ni, daga gidan nan za a ɗauke ni a makara."

Nomau ya juya ya dubi yayansa. "Wancan, ta ce gidan nan aka kawo ta, daga gidan nan za a ɗauke ta a makara."

Alhaji ya ce rikicin tsufa ne, zai wuce. Ya damƙa gidan a hannun Ilu dillali, mutumin da ya taɓa sayar da kududdufi da rani a matsayin fili. Ilu ya shiga ya zagaya, ya fito idonsa yana ruwa. Ya ce ginin lafiya lau, amma mai saye da hanci yake fara ciniki kafin ido ya sa baki, don haka sai an gyara ƙamshin gidan. Inna ta ƙi yi masa magana, shi ba don kunya ba. Aikin ya faɗa kan Nomau.

Wata rana Ilu ya ce gidan iska yake buƙata, kada Nomau ya bar komai da zai tare ta. Ya faɗi haka ya hau babur ya tafi ɗauko mai saye. Nomau ya zagaya yana nazarin abubuwan da suke tare iska, ya gano suna da yawa. Ya ciro ƙyauren zaure, ya ciro na ɗakuna, ya ɓalle tagogi, ya kwance labulaye, ya sauke zanan makewayi. Yana tsaye gaban katangar gabas da diga a hannu na leƙo na roƙe shi arziki, don rabinta tawa ce. Iska kuwa ta shiga, ba a yi ƙarya ba. Ta shiga ta ɗebi abin da ta tarar ta fito da shi. A da sai ka sa ƙafa a zaure kake jin daddawa, ranar har masu jiran mota a bakin kwalta sai da suka koma tsallake. Mai sayen da Ilu ya ɗauko, wani ma'aikacin banki, bai ko kashe mota ba. Ya sauke gilashi, ya ɗaga, ya ce zai yi shawara da iyali.

Ilu ya shigo yana kumfar baki, ya tarar da awakin unguwa a tsakar gida, ya tambayi Nomau wane mahaukaci ne ya sa shi wannan aiki.

"Ka ce ko ba ka ce ba?"

Ilu ya ce ya ce, amma ba haka yake nufi ba.

"To ni ba na jin nufi. Magana nake ji."

Inna tana bakin murhu tana iza wuta, ba ta ɗago ba. Ta dai ce a bar ƙyamaren a ƙasa tukuna, ta daɗe ba ta sha iska irin ta yau ba.

Wata rana Hajiya Yagana ta aiko da kasko da kwalbar turaren wuta, na hawi da sandal, irin wanda ake yi wa amaren masu hali. Saƙon da ya zo da shi gajere ne: a turara ko'ina, kada a bar komai. Inna ta tafi ta'aziyya. Nomau ya hura gawayi ya turara ɗakuna, ya turara rumbu, ya turara akurki da kajin da ke ciki, ya turara bakin rijiya da takalman marigayi. Da ya zo kan daddawar da aka shanya a tabarma, sai ya ga ita ma tana cikin komai, kuma in gaskiya za a bi ta fi kowa buƙata. Ya kifa kwando a kan kaskon, ya jera ta a kai, ya lulluɓe da zane, daidai yadda ake yi wa kayan amarya. Inna tana fama da mura a makon, ba ta ji komai ba, ta sayar. Washegari duk miyar kukar da aka kaɗa a Marken Tudu ƙamshin ɗakin amarya take. Liman ya ce shi dai tuwo ya ci, amma ji yake kamar mayafi ya haɗiya. Wata mata ta tsare mijinta da tambayar inda ya je, don gemunsa yana ƙamshin da ba nata ba, sai da ya miƙa mata kwanon miyar da ita da kanta ta dafa.

Mata suka yi ta dawo da daddawa, Inna tana canza musu ba musu. Ba ta yi wa Nomau faɗa ba. Ta ce abin da ya ba ta mamaki shi ne ashe ƙamshi yana kama daddawa. Sai ta tambayi tukunyarta ko shi ma warin daddawa yana kama turare. Tukunya ba ta amsa ba.

Wata rana Ilu ya zo da dabarar da ya ce a wurin dillalan birni ya koyo. Wai ƙamshin girki yana sa baƙo ya ji kamar gidansu ya shigo, har ya manta da tsagewar bango. Ya kawo albasa da man gyaɗa, ya ce da zarar Nomau ya ji sallama ya zuba albasa a wuta. Gidan mai sana'a kuwa sallama ba ta yankewa. Mai ruwa ya yi sallama, Nomau ya soya albasa. Masu sayen daddawa suka yi ta sallama, ya yi ta suya. Ni ma na yi, na zo aron tsani, aka soya mini tawa. Albasar ta kusa ƙarewa, idanunsa sun yi jawur, sai ga Ilu da wani babban ɗan kwangila, babbar riga har ƙasa, waya a kunne, yana faɗa da wani a kan siminti. Haka ya kutso kai har tsakar gida. Nomau yana tsaye da ragowar albasar a tafin hannu, mai yana tafasa a gabansa. Ilu ya yi masa ido, ya nuna tukunya da haɓa, ya yi tari. Nomau bai motsa ba.

"Alhaji, koma ka yi sallama," ya ce wa ɗan kwangilar.

Mutumin ya cire waya daga kunne ya tambaya ko da shi ake.

"Da kai ake. In ba ka yi ba, ba zan zuba ba."

Ɗan kwangila ya dubi Ilu, ya dubi albasar, ya koma kamar yadda aka ce. Sai dai bai tsaya a zaure ba, mota ya wuce. Inna ta ce duk cikin dabarun dillalin nan wannan ce kaɗai ta ga amfaninta, tunda tana tace marasa tarbiyya tun daga ƙofa.

Wata rana Ilu ya gaji da gyara, ya koma ga abin da ya fi iyawa. Ya ce duk wanda ya tambayi warin, Nomau ya ce daga maƙwabta ne. Mai sayen ranar wani tsohon malamin asibiti ne mai sanyin magana. Ya shaƙa, ya tambaya, aka ba shi amsar da aka tanada. Ya jinjina kai ya ce abin takaici ne, don gidan ya yi masa. Da warin na gidan ne, da wanki da farar ƙasa sun kashe shi, amma maƙwabci ba a yi masa fenti. Ya yi sallama ya tafi.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Ilu cewa ya yi duk wanda ya tambaya, kuma bai sa ranar dainawa ba. A majalisar bakin masallaci wani ya tsokani Nomau, wai yau kuma me Inna ta binne, ya ce daga maƙwabta ne. A kasuwa ma haka. Maƙwabtan gidan kuwa biyu ne, ni da Liman. Ni na saba da ƙazafi, na yi aikin gwamnati. Liman bai saba ba. Ya kira Nomau gaban mai unguwa, ya ce ya faɗa tsakaninsa da Allah daga ina warin yake fitowa. Nomau ya ce tsakaninsa da Allah daga kwandon Inna ne, tsakaninsa da Ilu daga maƙwabta ne. Huɗubar Juma'ar nan a kan dillalai aka yi ta. Ba a kama suna ba, amma Ilu ya koma salla a wata unguwa.

Wata rana Alhaji Munzali ya zo da kansa, ya tsaya a tsakar gida da hankici a hanci. Inna ta ce Nomau ya gaya wa wancan da wannan warin aka saya masa takalmin makaranta, kuma lokacin bai toshe hanci ba. Nomau ya isar. Alhaji ya naɗe hankicin ya sa a aljihu. Ya ce shi ba raina sana'a yake ba, matsalar ita ce su na gidan hancinsu ya mutu, ba sa jin abin da baƙo yake ji. Ya ce Nomau ya riƙa samo wanda bai taɓa shiga gidan ba, ya shaƙa ya faɗi gaskiya, ta haka za a san ko gyaran yana ci.

A Marken Tudu babu wanda bai taɓa shiga gidan ba, don haka Nomau ya tafi tasha. Ya riƙa tare fasinjoji yana roƙonsu don Allah su zo su shaƙi gidansu. Yawancinsu sun ɗauka sabon salon damfara ne. Amma Nomau yana da irin fuskar da zargi ba ya zama a kanta, wasu suka biyo shi. Wani direban tirela ya shaƙa, ya ce rabonsa da jin daddawa ta gaskiya tun rasuwar kakarsa, ya saya. Wata mai tuwo-tuwo daga Zariya ta shaƙa, ta kwashe duk abin da ke tabarma, ta ce a riƙa ajiye mata. Ta turo ƙawayenta. Ba a daɗe ba Inna ta ƙara tukwane, ta ƙara kwanduna. Nomau ya kai wa yayansa rahoto kamar yadda aka sa shi: baƙi sun shaƙa, sun ce yana ƙaruwa.

Daga nan masu saye suka ɗauke ƙafa, har muka fara zaton maganar ta mutu. Sai wata rana Ilu ya samo wanda kowa ya san da gaske yake, wani attajiri da yake neman gida a wuri mai shiru zai sa mahaifiyarsa, don ta ce ta gaji da zama a gidansa. Alhaji Munzali yana Legas sayen kaya. Ya ga in wannan ya kuɓuce shi ke nan, ya kira Nomau a waya.

"Ka fara kwashe kayan Inna yau ɗin nan. Ka fara da masu warin. Kada baƙon nan ya tarar da ko ƙwayar kalwa."

Bai faɗi inda za a kai ba. Nomau kuma bai tambaya ba, don a wurinsa an riga an faɗa, gaban dattawa.

Ranar ce na fara ganin tsohuwar nan zaune ba aiki a hannunta. Tana kan turmi, tana kallon Nomau yana loda kwanduna a bayan akori-kura. Ba ta yi kuka ba, ba irinta ba ce, amma ta ƙanƙance a idona. Da ya ɗauki na ƙarshe ta tambaye shi ina zai kai mata su. Ya gaya mata.

"To ka lulluɓe su da kyau," ta ce. "Jiya na zuba su, ba sa son iska. Ka rufe taga, ka ja ƙofa."

Hajiya Yagana ta tafi biki Maiduguri. Mai gadin gidan Alhaji ya san Nomau, ya nuna masa ɗakin da aka ware wa Inna. Da yake Inna ba ta zo ba, a nan Hajiya ta baza sabon haɗin turaren wuta a farantai, na bikin 'yar wani babban gida, tare da lesuka da atamfofin amarya da aka kawo a turara. Nomau bai taɓa komai ba, don ba a ce ya taɓa ba. Ya jera kwandunansa a tsakankani, ya lulluɓe, ya rufe taga, ya kulle ƙofa. Makullin kuma ya kawo wa mai ɗaki, wato Inna. Mai gadi ya ce daga baya ya ɗauka ɓera ne ya mutu, da abin ya ci gaba ya ɗauka ba ɓera ɗaya ba ne, sai ya mayar da bencinsa waje.

A Marken Tudu kuwa aka wanke gida, aka share, aka kunna ragowar turare. Attajiri ya zo ya yi sallama, Nomau ya zuba albasa a kan lokaci. Gidan ya yi ƙamshin da ni kaina na fito ina duba ko unguwar na ɓata. Mutumin ya zagaya ya ce ya yi, da zarar Alhaji ya dawo a ƙulla. Ilu saura kaɗan ya yi hawaye. Inna tana ɗaki, makulli a bakin zane.

Alhaji da Hajiya rana ɗaya suka dawo. Tun daga get warin ya yi musu maraba. Aka ɓalle ƙofar ɗakin. Abin da Hajiya ta faɗa a wurin ban ji ba, mai gadi kuma ya ƙi maimaitawa, ya ce shi mai iyali ne. Da la'asar sai ga su a Marken Tudu, Hajiya a gaba. Alhaji ya tsare Nomau a zaure, gaban dattawan da hayaniya ta tara.

"Ka ce ko ba ka ce ba?" in ji Nomau.

"Na ce ka kwashe. Ban ce gidana ba."

"Ka ce gidanka, Yaya. Ga Liman nan. Ita da duk abin da ta mallaka. Wannan ma rabi ne, tukwanen sai gobe."

Hajiya ta wuce ciki ta durƙusa ta gaida Inna. Cikin ladabi ta tambaya ko in an koma can za a ci gaba da sana'ar. Suruka ba 'yar fari ba ce, Inna ta amsa mata da bakinta.

"'Yar nan, ni in ba na daddawa ciwo nake. Ɗakin naku ma an ce ya fi nawa ɗumi. Sai dai ya yi kaɗan, amma na ga akwai na kusa da shi."

Hajiya ta miƙe ta fito zaure. Ta ce wa mijinta ita tun farko hankalinta bai kwanta da wannan ciniki ba. Raba tsohuwa da ɗakin mijinta alhaki ne, a garinsu ba a yi. Ta ce uwa ta faɗi inda take so a ɗauke ta, kowa ya ji, kuma in ya sayar da gidan nan ya fara sayen tikitinta na komawa Maiduguri. Dattawa suka yi ta mamakin irin wannan tausayi. Liman ya kafa misali da ita a huɗuba.

Alhaji ya juyo wurin ƙanensa. Ya ce wa Nomau ya je ya gaya wa Ilu an fasa. Ilu yana tsaye a wurin, amma Nomau ya juya ya gaya masa.

Bayan nan Alhaji ya aiko da ƙyamaren ƙarfe da sabon kwanon rufi, ya kuma sa aka gina wa Inna ɗaki na musamman a bayan gida, mai ɗumi, marar taga, don kada wata rana ta ga wurin ya yi mata kaɗan. Nomau ya dawo da kwanduna. Inna ta buɗe ɗaya ta shaƙa, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin daddawa ta nuna da kyau haka ba. Sannan ta ce a gaya wa wancan Allah ya yi masa albarka. Nomau ya shiga mota har birni ya gaya wa wancan.

Gidan yana nan a bakin kwalta, kusa da masallaci. In ka sauka a tasha, ba sai ka tambayi kowa ba.